'Yar Aljihu Ko Mai Dogon Baki: Wace Kyamara Ce Ta Dace Da Ke?

 

Tun da harkar ɗaukar hoton biki ta fara shiga hannun mata, tambaya ɗaya nake yawan sha daga wajenku. Yarinya ta yi wata da watanni tana zubin adashi, ko ta tara 'yan kuɗin ɗinkin hula da na kitso, ranar kwasa ta zo, sai ta tsaya a gaban shago an ajiye mata kyamarori biyu. Ɗaya 'yar mitsitsiya ce, ko tafin hannu ba ta cika ba. Ɗayar kuwa ga ta nan ƙatuwa baƙa wuluk, da dogon baki, an rubuta 60x ko 83x a jikinta, kai ka ce ta 'yan jarida ce. Abin mamaki kuma, sau da yawa 'yar ƙaramar ce ta fi tsada. To wacce za ta ɗauka?

Ni dai amsata a taƙaice: idan mutane za ki riƙa ɗauka, a cikin ɗaki ko da daddare, 'yar ƙaramar ce taki. Amma bari in faɗa miki dalili, don kada mai shago ya juya miki tunani da daɗin baki.

A da, lokacin da iyayenmu ke zuwa situdiyo a tsaya a jikin labule mai zanen fulawa, fim ake sawa a cikin kyamara, shi ne yake karɓar haske ya zama hoto. Yanzu babu fim. A madadinsa akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, yana can ciki a bayan gilashi, ba a ma ganinsa. Wannan ɗan farantin shi ne ran kyamara, kuma girmansa ya fi girman jikin kyamarar muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ki ɗauka ana yayyafi, kin fito tarar ruwa. Ke kin ajiye baho, ƙanwarki ta ajiye kwanon sha. Idan ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, kowa zai samu. Amma idan ɗan yayyafi ne na minti biyu, mai baho ce kawai za ta shiga ɗaki da abin a zo a gani. To haka haske yake a wajen sensa. Da rana tsaka kowace kyamara gwana ce. Sai magariba ta yi ake sanin ta ƙwarai.

Ga lissafin. Yawancin masu dogon bakin nan sensarsu ba ta wuce milimita 6 da ɗoriya a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, wato ba ta kai farcen ƙaramin yatsanki ba. Ita kuwa 'yar aljihun da nake magana a kai, irin su Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012, ko Canon G7 X ta 2014, sensarsu milimita 13.2 ce da 8.8. Idan kika auna fili, ya ninka na waccan kusan sau huɗu. Ana ce mata sensa mai inci ɗaya, duk da ba ta kai incin ba, sunan gado ne daga tsofaffin kyamarorin talabijin.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Akwai kuma ƙofar da haske yake bi ya shiga, wadda ake rubuta girmanta a bakin gilashin da harafin f. Nan sai kin lura, domin lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. G7 X tana farawa daga f/1.8, ko an jawo zum ɗinta har ƙarshe ba ta wuce f/2.8. Nikon P900 kuwa, wadda ta fito a 2015 ta yi suna a duniya saboda hangen nesa, daga f/2.8 take farawa, idan kika miƙe bakinta duka ƙofar ta tsuke ta koma f/6.5. In aka haɗa girman faranti da faɗin ƙofa, ko ba a taɓa zum ba, hasken da 'yar ƙaramar take tarawa ya kusa ninka na babbar sau goma.

Me wannan yake nufi a wajen biki? Ki tuna yadda ɗakin amarya yake ranar kamu ko ranar kai ta. Ƙawaye sun cika ɗaki, ƙwan lantarki ɗaya ne, shi ma janareta na wasa da shi, labule a sake, kowa na motsi. Kyamara mai ƙaramin faranti idan ta rasa haske abu biyu take yi. Ko dai ta daɗe da ido a buɗe, sai duk wadda ta juya kai ta fito kamar aljana, ko kuma ta tilasta wa kanta gani, sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsaki. Daga nan injin cikinta ya yi ƙoƙarin goge ɗigon, ya haɗa da zanen lalle da aikin leshi ya shafe. Fuska ta koma kamar an shafa mata kakin zuma. Kuma mu da Allah ya yi mu da duhun fata, wurin inuwa ne ɗigon ya fi taruwa, don haka abin ya fi nunawa a jikinmu. Amaryar da ta zauna awa uku ana yi mata kwalliya ba za ta yafe miki wannan ba. Biki kuma ba a maimaita shi don mai hoto ta gyara.

Wata za ta ce ai akwai filasha. Akwai. Sai dai 'yar filashar jikin kyamara taku kaɗan take kaiwa, ta dallare na gaba goshi na ƙyalli, na baya kuma su nutse cikin duhu.

Sai zancen megafiksel, wanda masu shago suka fi son ambata. P900 tana da miliyan 16, RX100 tana da miliyan 20. Kin ga ai tazarar ba wata mai yawa ba ce. Amma cusa ɗigo miliyan 16 a kan ɗan farantin da bai kai farce ba, kamar raba tuwon mutum biyu ne ga mutum goma. Don haka idan aka ce miki wannan ta fi yawan megafiksel, ki tambayi girman sensa tukuna.

Kada fa a ce na yi wa mai dogon baki rashin adalci. Tana da ranarta, kuma a ranar nan babu mai kama ƙafarta. Lambar nan 83x da ke jikin P900 ma'anarta ita ce, mafi nisan hangenta ya ninka mafi faɗin ganinta sau 83, daga milimita 24 zuwa 2000 a ma'aunin masu hoto. Ƙanwarta P1000 ta 2018 ta kai 125x, wato milimita 3000. Da ita sai ki ɗauki wata ki ga ramukan jikinsa. G7 X kuwa a milimita 100 ta tsaya, zum ɗinta ninki huɗu da ɗan kai ne kawai. Idan kina can bayan taro ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya, ga rana ƙwal, ga mahaya da alkyabba da lifidi can nesa, 'yar aljihu za ta ba ki hoton kawunan mutane da ƙura ne, ita kuwa waccan za ta kawo miki rawanin mahayi da kwalliyar dokinsa kamar kin miƙa hannu. Haka idan makarantarku ta kai ku Yankari, ko fadamar Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi. Tsuntsu ba ya jira a matso. Sannan tana da ɗan tagar leƙe da ake kanga ido, abin da ke da amfani sosai idan rana ta hana ki ganin gilashin baya. G7 X ba ta da shi, Sony kuma sai daga RX100 ta uku, ta 2014, suka sa nasu.

Sai dai hangen nesan nan yana da nasa sharaɗi. Kin taɓa riƙe doguwar gora kina son tsinko mangwaro? Hannunki ya ɗan motsa kaɗan, can saman gorar ya yi lilo. Haka zum yake. Akwai na'urar rage girgiza a ciki, tana taimakawa, amma a ƙarshen zum sai kin jingina da bango ko kin sami abin kafawa mai ƙafa uku. Ga kuma hazo. Lokacin hunturu duk ƙurar da ke tsakaninki da abin da kike hange sai ta shiga hoton, da bazara kuma hucin ƙasa ya sa komai ya riƙa rawa. Ga nauyi: P900 ta kusa kilo ɗaya, P1000 ta kusa kilo ɗaya da rabi, alhali RX100 ta farko giram 240 ce, ki jefa a jaka tare da man leɓe ki yi gaba.

Wannan nauyin ba a wuya kaɗai yake ba. Na lura idan aka ɗaga ƙatuwar kyamara a cikin mata, nan take kowa ta gyara zama, ta ja mayafi, ta ɗaure fuska. 'Yar ƙaramar kuwa ana mantawa da ita, sai ki samu dariyar gwaggo ta gaskiya da hawayen uwar amarya. Mu marubuta irin wannan muke nema a labari, a hoto ma haka ne. Kuma tun da na taɓo nan bari in faɗa: kyamarar da ke iya jawo fuskar mutum daga ƙarshen layi amana ce. Kada a hango matar aure ko 'yar mutane a tsakar gidansu a ɗauka ba da saninta ba. Hoto ɗaya da ya fita ta waya ya isa ya girgiza aure ko ya ɓata baiko, kuma in ya fita ba ya dawowa.

Akwai masu tsaka-tsaki, masu babbar sensa da zum mai ɗan tsawo, kamar Panasonic FZ1000 ta 2014 mai kaiwa milimita 400, da Sony RX10 ta huɗu ta 2017 mai kaiwa 600. Suna da kyau, amma ba sa shiga jakar hannu, ta Sony ɗin kuma kuɗinta ba na adashin 'yar makaranta ba ne.

Wani abin dubawa shi ne wayar da ke hannunki. Manyan wayoyin zamani sensar babbar kyamararsu ta fi ta mai dogon baki girma, don haka a cikin ɗaki da daddare tana yiwuwa wayar yayarki ta doke ta. Abin da waya ba ta iyawa shi ne nisa. Ke nan idan ba nisan kike nema ba, kin sayi nauyi ne kawai.

Idan ranar saye ta zo, musamman in ta hannu ce, ki tafi da yayanki ko wani wanda ya san kan abin, ki kuma tafi da katin memori naki. Ki sani G7 X ta yi farin jini a wajen 'yan matan TikTok a 2024 har ta hannu ta yi tsada, don haka ki tambayi RX100 ma, aikinsu kusan ɗaya ne. Ki tabbatar lambar zum ɗin da aka faɗa miki ta gilashi ce, domin akwai na dijital wanda yanko tsakiyar hoto kawai yake yi ya buɗa shi. Ki kunna ki kashe sau uku ki ji ko bakin yana fita yana komawa ba tare da ƙara ko sarƙewa ba. Ki ɗauki farar takarda ko sararin sama ki duba ko akwai tabo, domin duka biyun ba a cire musu gilashi, ƙura in ta shige sai an kai wa mai gyara. Ki nemi batir na biyu, na 'yar aljihu ƙarami ne, ba zai kai ki daga kamu zuwa dina ba.

Sannan kada ki yarda a gwada miki a bakin titi cikin rana. Ki ce a shiga can ƙuryar shagon inda ya fi duhu, a kashe filasha, ki ɗauki fuskar wanda ya raka ki da kowace ɗaya, yana ɗan motsi. Ki buɗa hotunan biyu har kan gira da gashin ido, ki duba da kyau kafin ki kwance bakin jakarki.