Sanƙarau da kurmancewar yara: abin da binciken Cadi ya nuna

Sanƙarau kan tashi da zafin bazara, kuma ko yaro ya tsira, ba lalle ne ya tsira da kunnensa ba. Ƙwayar cutar tana kumbura rigar ƙwaƙwalwa, ta kutsa can cikin kunne, ta lalata 'yan gashin da ke ɗaukar sauti. Waɗannan ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka warke, 1 kan rage da wata naƙasa, kurmancewa na cikinsu.

A Disamban 2011 an yi wa mutum kusan miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, rigakafin sanƙarau na MenAfriVac a Njamena da yankunan Chari-Baguirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. Masu bincike na Cadi da Ingila sun bi sawu a 2012, suka gano cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 idan an kwatanta da yankunan da ba a yi ba. Mujallar Lancet ta buga sakamakon.

Rigakafi dai ba ya mayar da jin da ya tafi, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Uwa a Gaoui, ƙauyen magina tukwane a gefen Njamena, za ta kira ɗanta bai waiwayo ba, kwano ya faɗi a bayansa bai razana ba, a ce taurin kai ne. Iyaye, duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi gwajin ji cikin makonnin farko, domin a samo masa na'urar ji ko a fara koya masa maganar hannu da wuri.