Gardamar Amurka Da Ta Iso Har Agadas

A birnin Washington akwai wata tsohuwar gardama: shin Amurka ta ci gaba da zama ɗan sandan duniya, ko ta rage tsoma baki a al'amuran wasu ƙasashe? Mai sayar da shinkafa a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni zai ce ina ruwansa. To, da ruwansa.

Ɓangare na farko, wanda ya fi ƙarfi tun bayan yaƙin duniya na biyu, yana ganin ciniki da zaman lafiya ba sa ɗorewa sai da mai tsaro, wato Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙawancen NATO na 1949, da sojojin Amurka a nahiyoyi daban-daban. Ɓangare na biyu, masana irin su Barry Posen da ya fitar da littafi kan batun a 2014, suna cewa Iraƙi da Afganistan sun isa darasi: shiga yaƙi da sauƙi, fita ce aiki.

Mu dai mun ga namu a Libiya. A 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi da sunan kare farar hula. Bayan haka makamai suka bazu cikin Sahara, arewacin Mali ya faɗa rikici a 2012, dubban 'yan ci-rani suka dawo gida hannu rabbana, kuɗin da suke aikowa ya ƙafe. Shi kansa Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirya wa abin da zai biyo baya shi ne babban kuskurensa.

Sai kuma Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, kan sama da dala miliyan 100. Da aka kashe sojojinta huɗu a Tongo Tongo a 2017, wasu sanatocinta suka ce ba su san yawan dakarunsu a Nijar ba! A Maris 2024 Yamai ta soke yarjejeniyar sojan, kuma zuwa Satumba sun kwashe kayansu.

Amma kada mu yi saurin tafi. Masanan janyewa sojoji suke nufi, ba magani da abinci ba. Da gwamnatin Trump ta rusa hukumar agaji ta USAID a 2025, asibitocin karkara da masu fama da tamowa ne suka fara ji a jikinsu, su ne kuma iyalan da ke cin kasuwa a rumfunanmu.