Tawadar Allah a Jikin Yaro: Me Hasken Leza Zai Iya Yi?

A Jangeru da sauran garuruwan Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, idan aka haifi jariri da baƙin tabo, shawara ba ta ƙarewa. Wata ta ce a kira wanzami ya yi tsaga, wata ta kawo man bilicin. Duk biyun ɓarna ce: tsaga na barin tabon da ya fi na farko muni, mayukan bilicin kuwa suna sa fatar yaro ta yi sirara, wasunsu ma suna taɓa ƙoda.

Tawadar Allah kala-kala ce. Shuɗin tabon da ake gani a ƙugu ko ɗuwawun jarirai yakan gushe da kansa kafin yaro ya isa shiga makaranta. Akwai mai launin toka da ke zagaye ido a gefe guda na fuska, wanda likitan Japan, Masao Ota, ya bayyana a 1939. Wannan ba ya gushewa, kuma mai shi na buƙatar gwajin ido a kai a kai saboda cutar ido ta gilakoma. Tabo masu ruwan ƙasa kuwa, idan sun kai 6, suna iya zama alamar wata cutar jijiyoyi da ake gado.

A 1983 masu bincike Anderson da Parrish na Amurka suka nuna yadda hasken leza zai farfasa ƙwayoyin launi ba tare da ya ƙona fatar da ke kewaye ba, jiki kuma ya kwashe ɓarɓashin a hankali. Aikin ya fi ci a kan tabon Ota, amma sai an yi ta komawa, da tazarar makonni ko watanni. Masu ruwan ƙasa sukan dawo bayan an goge su.

Mu baƙaƙen fata sai mun yi hattara, don fatarmu ma tana zuƙar hasken. Na'urar da ba ta dace ba, ko hannun ɗan koyo, na iya barin ƙuna ko farin tabo. Shi ya sa likitoci suka fi amfani da samfurin Nd:YAG a kanmu. Galibi a asibitocin kuɗi na Abuja da Legas ake samunsa, da tsada.

Don haka kafin a sayar da akuya a kama hanya, a fara kai yaro babban asibitin Shinkafi, daga nan a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tabon da ke canza launi ko siffa, ko yake zubar da jini, a kai shi gaban likita ba tare da jinkiri ba.