Gidan Rumji zuwa Gazawa: Idan ƙorafi kan yaro ya ci karo da bindigar uba

A ƙauyukan kan iyaka na gundumar Gidan Rumji da ke jihar Maradi, abu biyu ne magidanci ba ya son baƙo ya tambaye shi: yawan shanunsa, da abin da ya jingine a bayan ƙyauren ɗakinsa. Na farko saboda masu satar mutane, na biyu saboda hukuma.

Tun daga 2019 yankin ya karɓi dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasunsu a Chadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, nesa da bakin iyaka. 'Yan bindigar da suka koro su ba su tsaya a Najeriya ba. Suna tsallakowa a kan babura, su kora dabbobi, su tafi da mutane sai an biya fansa. A wani rahoto da ta fitar a watan Afrilun 2021, ƙungiyar International Crisis Group ta yi gargaɗin cewa ƙauyuka na kafa ƙungiyoyin kare kai, kuma ana yawan yi wa Fulani makiyaya kallon abokan ɓarayi.

A dokar Nijar, riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma ƙasar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994. Ke nan manomin da ya sayi ta maƙera don tsare iyalinsa ya san yana zaune ne a kan laifi.

A cikin irin waɗannan gidaje ne ake son ma'aikatan kare yara su riƙa shiga.

Wa ke kai ƙara?

A 2019 gwamnati ta kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har zuwa ƙauye, kuma wata doka ta 2014 ta bai wa alƙalin yara ikon ɗaukar mataki idan yaro na cikin haɗari. Aikin ba ƙarami ba ne a Maradi. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma Maradi ce kan gaba da kusan kashi 89. Ga duka mai raunata yaro, ga cire yarinya daga makaranta, ga ƙananan yaran da ake turawa bara.

Duk wannan ba ya isa kunnen kwamiti sai wani ya yi magana. To wa zai yi? A ƙauye maƙwabcinka surukinka ne, ko abokin iyakar gonarka, ko wanda za ka bi sahu ɗaya da shi da asuba. Shi ya sa wanda ya ga abu yakan fi son ya raɗa wa malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, ko ya kira waya ya ce a sakaya sunansa.

A ce wata mata ta daɗe tana jin kukan ɗan maƙwabta, ta kuma ga tabon bulala a bayansa. Ta san uban yana da bindiga, domin da ita ya fita daren da aka kawo hari. Idan ta kai magana, abin da take so shi ne a ja masa kunne. Amma tana tsoron maganar yaro ta koma maganar makami, jandarmomi su zo, a tafi da mutumin, gobe ƙauye ya kwana babu ɗaya daga cikin masu tsaronsa, kuma kowa ya san bakin wa ya jawo. Sai ta kama bakinta. Bindigar da ba a taɓa nuna wa yaron ba ita ce ta toshe hanyar cetonsa.

Ɗaya fuskar ta fi muni. Ƙorafin da ba suna makami ne mai arha a hannun mai ƙullin zuciya: rikicin gado, iyakar gona, kishi, saki da bai yi daɗi ba. A Agye da Gazawa, da ke gabas da birnin Maradi kan hanyar Tasawa, ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, kuma rigimar fili ba baƙuwa ba ce. Mai son ganin bayan abokin gaba ba ya buƙatar hujja. Ya isa ya ce ana azabtar da yaro a gidan wane, ya ƙara da cewa akwai bindiga. A inda kalmar "ɗan bindiga" ke iya raba mutum da garinsu, ko bincike ya wanke shi, tabon ya riga ya zauna. Idan makiyayi ne abin ya fi nauyi. Mutanen Maradi ba su manta da Toda ba, inda a 1991 aka kashe Fulani kusan ɗari, galibi mata da yara, bayan rikicin manoma da makiyaya.

Yadda ake ja-in-ja a Amurka

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka sun san wannan muhawara, duk da cewa can tsarin mulki ne ya halatta riƙe bindiga. Iyaye na kokawa cewa kira ɗaya daga wanda ba a sani ba ya isa ya kawo jami'i ƙofar gida yana tambayar abin da ke cikin ɗaka. Jihar Texas ta daina karɓar irin wannan ƙorafi a layin kare yara tun Satumban 2023: mai kira sai ya ba da sunansa da lambarsa, hukuma kuma ta ɓoye su ga wanda ake zargi. Masu adawa da dokar sun ce wasu za su ji tsoro su yi shiru. A gefe guda, tun 2020 harbin bindiga ne kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar, kuma a 2024 kotu a Michigan ta ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15 saboda ɗansu ya kashe ɗalibai huɗu da bindigar da uban ya saya.

Tsarin Texas, wato jami'i ya san mai magana amma gida kada ya sani, shi ya fi kama da abin da zai yi aiki a nan. Matsalar ita ce wurin ajiye sirrin. Nijar na da dokar kare bayanan mutane, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar da ke kula da ita a Yamai. Sai dai a ƙauye ba ta kwamfuta asiri ke tonuwa ba. A zauren mai gari yake fita, ko a bakin rijiya, domin 'yan kwamitin da mai ƙara da wanda ake ƙara duk dangin juna ne.

Ba kuma za a ce makamin bai shafi yaro ba. Maharan da dare suke zuwa, don haka a ɗure bindigar ke kwana, a ɗakin ƙasa da ba shi da akwati mai makulli, ɗakin da ake aiken yaro ya ɗauko wa babansa fitila ko buta. Tambayar izini ta jandarma ce da alƙali. Wadda ta shafi ɗan kwamitin kare yara daban take: a ina take kwana, akwai harsashi a ciki, hannun yaro na kai wa gare ta? Uba zai amsa waɗannan ne kawai idan ya tabbata amsar ba za ta riga shi isa barikin jandarma na Gidan Rumji ba.