Daga Motar Majigi Zuwa Wayar Hannu: Yadda 'Yan Kasuwar Kaduna Ke Tallar Hajarsu Da Kansu

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar Kaduna da hantsi, ko ya bi ta titin Ahmadu Bello inda manyan kantuna suke, da wuya ya wuce bai ga wani mai shago ya baza shadda ko atamfa a kan tebur, yaronsa kuma ya saita wayar hannu yana ɗaukar hoto mai motsi ba. Kafin azahar wannan hoton ya shiga WhatsApp da Facebook da TikTok, ya isa Kawo da Unguwar Rimi da Malali, ya ƙetara har Zariya da Kano, watakila ma ya kai ga wani ɗan Kaduna da ke zaune a Jidda ko London. Haka ma ƙungiyoyin taimakon marayu da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa na unguwanni suke yi idan suna neman gudummawa.

Matasan da ke wannan aiki suna ɗaukarsa sabon abu ne fil. Ta wani ɓangaren suna da gaskiya. To, amma a garin Kaduna amfani da fim domin jawo hankalin jama'a zuwa ga wata haja ko wata manufa ya girmi iyayensu, kuma waɗanda suka yi shi a da sun bar darussan da ya kamata a waiwaya.

Zamanin majigi

Asalin abin daga wani jami'in kiwon lafiya ne Bature mai suna William Sellers, wanda ya riƙa shirya finafinan wayar da kai a Ikko game da annoba da tsaftar muhalli. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ba shi shugabancinsa. Finafinan da sashen ya shirya ana ɗora su a mota mai ɗauke da injin wuta da allo da lasifika, a bi gari gari ana nunawa kyauta a ƙofar fada ko a filin makaranta bayan magariba. Hausawa suka raɗa wa abin suna majigi. Da aka ba jihohi ikon gudanar da al'amuransu a shekarun 1950, Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙe nata sashen finafinai a Kaduna ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai, motocinta kuma suka ci gaba da zagaya larduna da taimakon En'e.

Abin da ake nunawa a majigi, in an duba da idon basira, talla ne. Ana tallar allurar rigakafi, da zuwa asibiti, da sabon irin shuka, da yaƙi da jahilci, da kuma ita kanta gwamnati, domin kuwa rangadin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, na cikin abubuwan da aka fi haskawa. Dattawa har yau suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi domin koya wa manoma kyautata noman auduga. A wannan sashe ne marigayi Alhaji Adamu Halilu ya goge, ya shirya Mama Learns a Lesson a 1963 kan kula da lafiyar mata masu juna biyu, kafin daga bisani ya fito da Shaihu Umar a 1976, daga littafin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Sellers da abokan aikinsa sun tafi a kan wani ra'ayi mai cike da raini, cewa ɗan Afirka ba ya iya bin hoto mai sauri, saboda haka suka shimfiɗa ƙa'idar a yi fim a hankali, a guji dabarun kyamara. Suna da wani labari da suke yawan maimaitawa, wai an nuna sauro an ƙara girmansa ya cika allo, sai 'yan kallo suka ce ai su nasu sauron bai kai haka ba, don haka ba su da abin tsoro. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, fassarar da Turawan suka yi masa ce ba ta yi daidai ba. Mutanen ba hoto ne ba su gane ba. An nuna musu abin da bai yi kama da abin da suka sani ba ne, suka ƙi gaskatawa. Shi ya sa a majigi mutumin da ya fi kowa muhimmanci shi ne mai sharhi, wanda ke riƙe da makirufo yana bayani da Hausa, yana saka barkwanci da karin magana. In ya iya bakinsa, fim ya karɓu; in bai iya ba, yara su yi ta ihu, manya su watse.

Rediyo da talabijin

A watan Maris na 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Daga nan talla ta sami sabon gida, sai dai gida ne mai tsadar haya. Wanda ke son hajarsa ta fito a talabijin dole ya biya masu ɗaukar hoto, ya biya mai murya, ya sayi lokaci, musamman in yana son a sa tallarsa kusa da shirin da jama'a ke rububi irin Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ko wasannin marigayi Ƙasimu Yero. Bankuna da masaƙu da kamfanonin sabulu da na lemo su ne ke iya wannan. Ƙaramin ɗan kasuwa iyakarsa sanarwa a rediyo, ko allo a bakin shago, ko kuwa bakinsa.

Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen talabijin ta haɗe su ƙarƙashin NTA a 1977. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshinsu, Kaduna kuma ta kasance cikin garuruwan farko da suka sami tashar talabijin mai zaman kanta, watau DITV. A wannan tsakanin ne kyamarar bidiyo ta kaset ta yawaita a hannun masu ɗaukar biki da suna, aka kuma fito da Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake lasaftawa a matsayin farkon finafinan Hausa na bidiyo. Farashin ɗaukar hoto ya sauko, amma hanyar kai shi ga jama'a tana nan a hannun masu tasha.

Wayar hannu ce ta karya wannan shinge. Ta fara yaɗuwa a ƙasar nan daga 2001, bayan 'yan shekaru ta zo da kyamara da intanet, har ya zama na'ura ɗaya ita ce mai ɗauka, ita ce ɗakin haɗa hoto, ita ce kuma tashar watsawa. Shekarar 2020 ta ƙara ingiza mutane. A watan Maris na shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta hana fita saboda annobar korona, kasuwanni suka daɗe a rufe, a shekarar ce kuma aka rushe Kasuwar Barci da ke Tudun Wada domin sake gina ta. 'Yan kasuwa da dama sun wayi gari da kaya amma babu rumfa, wanda kuwa ya iya nuna kayansa ta waya shi ya ci gaba da ciniki.

Wani abin lura shi ne matan aure. A da matar da ke sana'a a cikin gida tana dogara ne ga 'yar talla mai tire a ka, ko dillaliya mai shiga gida gida. Yanzu mai yin turaren wuta ko dambun nama ko ɗinkin mayafi tana iya nuna aikin hannunta ga ɗaruruwan mata ba tare da ta taka ƙofar gida ba, ba kuma tare da ta cire 'yarta daga makaranta ba. Da yawansu ko fuskarsu ba sa nunawa: hannu ne da kaya da murya.

Abin da ke raba mai kyau da marar kyau

Sauƙin ɗauka bai sa kowane bidiyo ya zama mai amfani ba. Kuskuren da ya fi yawa ba a hoto yake ba, a sauti yake. Mai kallo yakan jure hoton da bai fita sosai ba, amma ba ya jure muryar da ƙarar janareta da hon ɗin Keke Napep suka danne. Ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi sabuwar waya mai tsada amfani ga mai talla, in kuwa babu shi, sai a ɗauki hoton a kasuwa, a naɗi muryar daga baya a ɗaki mai shiru. Haske kuma na safe ko na bayan la'asar ya fi dacewa, rana tana bayan mai ɗauka, ba tana bayan kayan ba. Fitilar cikin shago takan sauya launin yadi, shuɗi ya koma kamar baƙi, kuma daga nan ne yawancin rigingimun mai saye da mai sayarwa ke tasowa.

Tsawon bidiyon ma abin dubawa ne. Al'adar Bahaushe ce ya fara da sallama da gaisuwa da addu'a, amma mai kallo a waya da kuɗinsa yake sayen data, yatsansa kuma a kan allo yake. Gwanayen abin sukan yi sallama a taƙaice, kayan na bayyane tun daga daƙiƙar farko, su faɗi farashi, su faɗi layin da shagon yake da lambar rumfa, su rufe kafin minti ɗaya ya cika. Ɓoye farashi da cewa sai an yi magana ta sirri yana korar masu saye fiye da yadda masu yin haka suke zato. Masu ƙere-ƙere na Panteka kuwa suna da wata dama da mai sayar da kayan kanti ba shi da ita: suna iya nuna aikin tun daga ƙarfen da aka yanka har zuwa injin niƙan da ke juyawa, kuma babu shaidar da ta fi wannan.

Ga ƙungiyoyin agaji al'amarin ya fi nauyi. Hanya mafi sauƙi ta motsa zuciyar mai bayarwa ita ce a haska fuskar maraya ko majinyaci yana cikin halin ƙunci, kuma ita ce hanyar da ta fi cutarwa. Yaron da aka nuna yana kuka yau zai girma, hoton kuma yana nan a wayoyin mutane, 'yan ajinsu za su gani, surukansa ma wata rana za su gani. Izinin uwa ko mariƙi wajibi ne, kuma izinin da aka karɓa daga mai jin yunwa ana riƙe da buhun shinkafa a gabansa abin a sake tunani ne. Ƙungiyar da ta nuna rijiyar da ta haƙa, da ajin da ta rufa wa kwano, da takardar kuɗin da aka kashe, takan fi daɗewa da masu tallafa mata, domin jama'a sun sha ganin roƙon da ba a sake jin inda kuɗinsa ya shiga ba.

Doka ba ta barci

Da yawa daga masu wannan talla ba su san akwai dokokin da suka hau kansu ba. A 2022 aka kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON wadda aka kafa tun 1988, dokarta kuma ta tanadi a tantance talla kafin a sake ta ga jama'a, har da wadda ake sakawa a intanet. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar ta kai kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. Tallar magani da abinci da kayan shafe-shafe kuwa tana buƙatar amincewar NAFDAC, abin da ya kamata masu maganin gargajiya da ke alkawarin warkar da kowace cuta a bidiyo ɗaya su sani. Akwai kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta shafi ɗora waƙar wani a kan talla ba da izininsa ba, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta shafi hotuna da sunaye da lambobin wayar mutane.

Sannan dandalin da ake tallar a kansa ba mallakar mai talla ba ne. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a ƙasar nan, waɗanda cinikinsu ya rataya a kansa suka ji a jikinsu. Kamfanin ma da kansa yana iya rufe shafin mutum, ko 'yan damfara su sace shi su riƙa karɓar kuɗi da sunansa. Saboda haka 'yan kasuwa masu hangen nesa suke ajiye asalin bidiyonsu a wani wuri dabam, suke kuma rubuta lambobin abokan cinikinsu a littafi.

Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Jami'ar Jihar Kaduna masu karatun aikin jarida, nan akwai sana'a a buɗe: yawancin masu shaguna sun san kayansu amma ba su da lokacin zama su yanka hoto a CapCut, su sa rubutu da Hausa mai ƙugiya daidai, su yi wani da Turanci domin masu saye na Kudu. Ma'aikatan gwamnati da ke sassan watsa labarai na ma'aikatu kuwa su ne magadan masu motar majigi kai tsaye, kuma yawancin bidiyon da suke fitarwa har yanzu jawabin kwamishina ne a bayan tebur, alhali manomi ko mai jego da aka yi shirin dominsu ba a ba su makirufo ba.