Tabon da Fim Mai Ban Tsoro Kan Bari a Zuciyar Yaro

Sau da yawa akan iske magidanci mai hankali da natsuwa, wanda ba ya iya kwana a ɗaki sai da fitila a kunne, ko kuwa ba ya yarda ya shiga kogi ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Idan aka bi salsalar abin, wani lokaci sai a tarar wani fim ne ya gani tun yana ɗan shekara biyar ko shida. Wannan al'amari ya daɗe yana damun masana, domin tun a 1933 Herbert Blumer na Jami'ar Chicago ya wallafa bayanan matasa waɗanda suka ba da labarin firgitar da silima ta jefa su ciki lokacin ƙuruciya.

A 1999 Kristen Harrison da Joanne Cantor suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ɗalibai fiye da 150 a jami'o'in Michigan da Wisconsin na Amurka. Kimanin kashi 90 cikin 100 sun ce wani fim ko shirin telebijin ya taɓa razana su. Fiye da rabinsu sun sami matsalar barci ko ta cin abinci, sa'an nan kimanin kashi 26 cikin 100 sun ce har a lokacin binciken tsoron bai rabu da su ba. Fim ɗin Jaws na 1975, wanda ya nuna wani ƙaton kifi yana cin mutane, ya sa wasu sun ƙaurace wa iyo, har a tafkunan da irin wannan kifi ba ya rayuwa.

To, me ya sa hoton da aka gani cikin 'yan mintoci yake zama shekara da shekaru? Dalili na farko yana ga hankalin yaron. Jean Piaget ya nuna cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 7 yakan yi hukunci ne da abin da idonsa ya gani. Mummunar fuska ita ce mugunta a wurinsa, kuma bai gama rarrabe wasa da gaskiya ba. Cantor da Glenn Sparks sun gwada wannan da shirin The Incredible Hulk, inda mutum kan rikiɗe ya zama ƙaton koren dodo mai taimakon mutane. Ƙananan yara sun fi firgita bayan rikiɗar, su kuwa manyan yara hankalinsu ya kwanta, domin sun gane mutumin kirkin nan ne dai.

Dalili na biyu yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda aikinsa shi ne lura da haɗari da kuma adana shi. Binciken Joseph LeDoux ya nuna cewa wannan sashe yakan motsa jiki tun kafin tunani ya gama auna abin da ake gani, kuma abin da ya adana ba ya gogewa da sauƙi. Shi ya sa babba zai san sarai cewa ƙarya ce ya kalla, amma gabansa ya faɗi da zarar ya ji irin kiɗan da ya raka hoton.

Ba wai tsoro baƙo ne ga yaron Bahaushe ba, domin Dodo ya cika tatsuniyoyi. Sai dai akwai bambanci babba. Kaka mai ba da tatsuniya tana duban fuskar jikanta. In ta ga ya razana sai ta sassauta murya, ta rage labarin, ta kai shi ga ƙurunƙus yana jingine a jikinta. Har ila yau, yaron ne ke siffanta Dodon a ransa gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Allon telebijin ko na waya kuwa ba ya duban fuskar kowa.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙarin. A 1984 Amurka ta ƙara matakin PG-13 bayan koke-koken iyaye a kan finafinai irin su Gremlins, Nijeriya kuma ta kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993. Amma hukuma ba ta shiga falo, ba ta kuma riƙe wayar da yaya ya miƙa wa ƙanensa.

Saboda haka nauyin ya koma kan iyaye, kuma magani ya danganta da shekarun yaro. Bincike ya nuna cewa gaya wa ɗan shekara huɗu "ai wasa ne" ba ya amfani ƙwarai. Abin da ke yi masa aiki shi ne a rungume shi, a ɗauke shi daga wurin, a juya hankalinsa ga wani abu. Ɗan shekara tara ko goma kuwa bayani na yi masa amfani, musamman in an nuna masa yadda ake shirya jinin ƙarya da fuskar roba. Abin da ya fi muni shi ne a yi masa dariya ko a kira shi matsoraci, domin daga nan sai ya ɓoye tsoronsa, ya girma da shi ba wanda ya sani.