Tafiya zuwa Sabaloga

Haj Yusuf babbar unguwa ce a gabashin kogin Nilu, kusa da birnin Khartum na ƙasar Sudan. Akwai Hausawa da yawa a cikinta. Kakannin wasunsu sun taso ne daga Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, za su aikin hajji a ƙasa, sai suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida.

Ƙasar unguwar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse, ba kurmi. Zafi kuwa sai wanda ya gani. Saboda haka, kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afirilu 2023, in hutu ya zo, iyalai da ƴan makaranta sukan cika mota su nufi arewa. Suna bin hanyar Shandi, su wuce Jaili, sa'an nan su sauka daga kwalta su bi turɓaya zuwa bakin kogi. Bayan tafiyar wajen kilomita 80, sai ga baƙaƙen duwatsu sun tare gaba. Nan ne Sabaloga.

A Larabcin Sudan, sabaloga shi ne indararo. Wanda ya sa wa wurin suna ya iya kallo. A Khartum ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su zama kogi ɗaya mai faɗi. Yana tafe a hankali cikin fili, har ya iso waɗannan duwatsu masu tauri, waɗanda aman wuta ya bari tun zamanin da ba mutum a duniya. Ruwa ya daɗe yana cin dutsen, amma ƴar siririyar hanya kaɗai ya iya sarawa. Dole dukan ruwan kogin ya matsu ya bi ta cikinta.

Mutanen Sudan suna ce wa wurin shallal, watau magangarar ruwa. Baƙo yakan zaci zai ga ruwa yana zubowa daga kan tsauni. Ba haka ba ne. Ruwan gudu yake yi tsakanin duwatsu da tsibirai, yana kumfa, yana ƙugi. Irin wannan wuri shida aka ƙidaya a kan Nilu. Na fari yana Aswan, a Masar, Sabaloga kuwa shi ne na shida. Na biyu da na huɗu sun nutse ƙarƙashin ruwan madatsun Aswan da Marawi.

In an isa, sai a ajiye kaya a inuwar bagaruwa. Masu ƙarfi su kama ƴar hanyar da ta hau dutse. Ba a hawanta da tsakar rana, don dutsen yakan yi zafi har ya ƙona tafin hannu. Ana sa takalmi mai kama ƙafa, a riƙe gorar ruwa, babba yana gaba, babba yana baya. Daga can bisa ana hangen kogi da korayen gonaki a bakinsa. Bayansu kuma sai hamada. Waɗanda ba su hau ba sukan shiga jirgin ruwa su zagaya tsibirai, ko su zauna a rumfa ana soya musu karfasa da giwan ruwa.

Wanka shi ne abin da yara suka fi ɗoki, shi ne kuma ya fi hatsari. Me ya sa? In ruwan sama ya sauka a fili, yakan bazu ya tafi sannu. In ya shiga ƙaramin lungu, sai ya yi gudu har ya kada yaro. Haka kogi yake a Sabaloga. Inda ya matsu, nan ya fi ƙarfi da zurfi. Bayan kowane babban dutse kuma ruwa yakan juya kamar ana dama fura a ƙwarya. Samansa lumui, ƙarƙashinsa yana ja. Ko gwanin iyo ya faɗa irin wannan gurbi, da wuya ya fita shi kaɗai.

Kogin ma ba kullum yake ɗaya ba. Daga Yuli zuwa Satumba ana ruwa mai yawa a duwatsun Habasha, inda Shuɗin Nilu ya fito daga tafkin Tana. Sai ruwan ya ƙaru, ya yi ja saboda laka, ya rufe duwatsun da ake zama a kai da rani. Inda yaro ya tsaya ruwa iya gwiwa a watan Maris, yana iya shanye babban mutum a watan Agusta.

To, ƴan kududdufan da kogi yake bari a gefe fa? Ba sa jan kowa, amma a ruwa kwantacce ne ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya suke zama. Tsutsar takan huda fata ta shiga jiki, bayan wasu makonni yaro ya fara fitsarin jini. Akwai maganinta a asibiti.

Shi ya sa ba a shiga ruwan Sabaloga sai an tambayi masunta da masu jirage. Su ne suka san inda ƙasan yake da rairayi, da inda yake da rami. Sukan nuna wa baƙi gaɓar da ba zurfi, wani babba ya tsaya a bakin ruwa yana ƙidaya kawunan yara har su fito.